Ƙafata da Mama Rifkatu

Kun taso kuna jin cewa wata maƙwabciyarmu a Liman Abaji ta taɓa yi mini sammu a ƙafa, da asirinta ya tonu ta tattara kayanta ta bar unguwa. Sadiya ta ji labarin daga bakin kakarku Inna, ta sauke wa ƙannenta, kwanakin baya kuma na ji jikata tana ba ƙawayenta shi a tsakar gida har da ƙarin gishiri, wai matar takan rikiɗa ta zama kyanwa. Ban tsawata mata ba, don ba ita ta ƙirƙiro ba. Labarin ƙarya ne, kuma na san ƙarya ne tun matar tana nan cikin unguwa tana gaishe ni kowace safiya. Tunda ni na bar shi ya yi girma, ni ya kamata in rubuta muku yadda aka yi.

Sunanta Rifkatu. Yara suna ce mata Mama Rifkatu, ni ma sai na bi bakin yara. Mutuniyar Panda ce, Kirista, mijinta malamin firamare ne da aiki ya kawo shi Keffi tun kafin a kawo ni gidan babanku. Ya sayi ɗan gidan da ke jikin namu, ya rasu ya bar ta da 'ya'ya uku da kaskon suya. Da kaskon ta riƙe su. Kullum kafin a idar da sallar asuba ta riga ta hura wuta a ƙofar gidanta, ƙosai a gefe ɗaya, bokitin koko a ɗaya gefen, duk mai sammakon kama motar Abuja daga layinmu sai ya tsaya an ƙulla masa a leda. Hausarta irin ta mutanen can ce, ba ruwanta da bambanta mace da namiji, kowa “kai” ne a wajenta, har Inna. Ran Sallah mukan aika mata nama. Ran Kirsimeti kuwa tun da sassafe take miƙo wa babanku kajinta ya yanka mata, don in ta aiko da shinkafa mu ci hankali kwance. Lokacin da na haifi Sadiya ita ta kwana uku tana dafa mini ruwan wanka kafin mutanen gidanmu su iso.

A shekarun nan Abuja tana ta haɗiye ma'aikata, ma'aikatu suna ta tasowa daga Legas, ana neman duk wanda ya iya buga tafireta. Ni na iya, don na koya kafin aure. Da na samu takardar ɗaukar aiki Inna ta ce ba da yawunta ba, matar aure ta fita da duhu ta dawo da duhu, mutane su ce me. Babanku yana sayar da siminti da kwanon rufi a lokacin, kasuwa wata rana ta yi, wata rana ta ƙi. Ya san albashin zai yi amfani, ya kuma san halin mahaifiyarsa. Sai ya raba gardama a gabanta, ya ce mini:

“Ki je ki yi. Amma ranar da aikin nan ya taɓa lafiyarki, ko ya taɓa gidan nan, ranar kin gama. Kin ji ko?”

Na ce na ji. Inna ma ta ji, ita kuwa ba ta mantuwa.

Ku da kuke bin hanyar yanzu a motocinku da gilashi a rufe ba ku san ta ba. Haya a Abuja ta fi ƙarfin ƙaramin ma'aikaci, don haka masu share mata ofisoshi da masu buga mata takardu a Mararaba da Masaka da Keffi suke kwana. Kujerar mutum uku kwandasta yakan zuba mata huɗu, gwiwa a jikin ƙarfen kujerar gaba, jaka a cinya, ƙafa a naɗe a ƙasa ba halin motsa ta. Da safe da sauƙi. Da yamma kuwa in goslo, wato cunkoson motoci, ya kama ku daga Nyanya, sai ku yi awa uku ko huɗu kafin ku ga fitilun Keffi. In fitsari ya matsi namiji sai ya sauka ya juya wa titi baya, ya gama ya tarar da motar ba ta yi nisa ba. Mace ba ta da wannan. Na taɓa ganin wata baiwar Allah, babba har da furfura, ta yi ta daurewa har abin ya fi ƙarfinta a kan kujera, ta lulluɓe fuskarta da gyale har Keffi, ban sake ganinta a motar layin nan ba. Daga ranar na kafa wa kaina doka, kuma na tarar duk matan motar suna bin ta ba tare da an yi shawara ba: daga azahar ba a shan ruwa. Ko ana zafin da kwalta ke narkewa, masu ruwan leda suna bin taga suna turo mana, sai mu kau da kai. In na iso gida a gajiye nake, in ci tuwo in kurɓi ruwa kaɗan in faɗi. A ofis kuma wuni nake a zaune gaban tafireta da takalmi mai tsini, saboda haka ake son ganin mai aiki kusa da oga. Na shekara bakwai a haka ina ganin dabara nake yi.

A shekara ta takwas jami'a ta fara aiki, ɗalibai suka cika gari suna neman ɗaki, duk mai ɗan fili a bayan gida ya zama mai gidan haya. Babanku siminti a hannunsa yake, ya gina ɗakuna huɗu a inda muke shanya. Magini ya juya kwatar banɗakin ta fita ta layi, ruwan wanka ya riƙa gangarowa ta gaban murhun Mama Rifkatu. Ta yi masa magana sau biyu, ya ce za a duba. Da ta ga masu sayen ƙosai suna toshe hanci sai ta je wajen mai unguwa, mai unguwa ya kira babanku ya ce ya haƙa rami a cikin gidansa. Ya haƙa, bai ma riƙe abin a ransa ba, don ya san ita ke da gaskiya. Inna ce ta riƙe. Ta yi ta nanata cewa mace, kuma baƙuwa, ta kai ɗanta gaban mai unguwa, alhali baƙuwar ta fi shekara ashirin a layin.

Bayan kamar sati biyu abin ya fara. Ina barci sai na ji an damƙi naman bayan ƙwaurina na hagu, wato sharaɓa, an murɗe shi an ƙi saki. Na kai hannu na ji wurin ya dunƙule ya yi tauri kamar ɗanyen rogo, yatsun ƙafar sun lanƙwashe ƙasa da kansu. Na haihu sau huɗu, na san ciwo, amma naƙuda takan yi wa mutum sallama kafin ta shigo, wannan kuwa daga barci sai ihu. Minti biyu ko uku ya yi ya saki, ya bar wurin da tsami har washegari ina ɗingishi. Ya dawo bayan kwana biyu, daga nan ya mai da ni wurin zuwansa, sau uku ko huɗu a sati, wani lokaci dama, galibi hagu. Abin da nake yi in ya kama shi ne in naɗe ƙafar in rungume ta a ƙirji, wanda daga baya na gane ƙara masa ƙarfi nake yi. Inna takan taso ta shafa mini man zafi da tafarnuwa tana addu'a, babanku yana riƙe da fitila, ba abin da ke sa shi ya saki sai ya ga dama.

Wani dare cikin sati na uku ya kama ni da ƙarfin da bai taɓa yi ba, na yi ƙarar da ta tsallaka katanga. Sai muka ji ana buga ƙofa. Babanku ya buɗe, Mama Rifkatu ta shigo da ɗaurin ƙirji, ko gaisuwa ba ta tsaya yi ba, ta zauna a bakin gado ta janye ƙafar daga hannuna.

“Maman Sadiya, kar ka naɗe shi. Miƙe shi. Miƙe gaba ɗaya.”

Ta tallabi diddigen da hannu ɗaya, ta sa tafin ɗaya hannun ta tura yatsun sama wajen ƙwauri, ta riƙe. Na ji kamar za ta tsinka mini jijiya, na ce ta bari, ba ta bari ba. Kafin a ƙirga ashirin naman ya saki. Ta sa na tashi na taka ƙasa, na je ƙofa na dawo sau uku, ta ce a kawo ruwan ɗumi daga fulas da tsumma, ta gasa wurin tana murzawa a hankali.

“Ba komai ba ne,” in ji ta. “A wajenmu lokacin huɗan doya kowane dare sai an yi wa maza haka. Masu ciki ma yana kama su. Nama ne ya gaji. Kafin ka kwanta, ka dafa bango haka.”

Ta tashi ta nuna mini. Ta dafa bango da hannu biyu, ta ja ƙafa ɗaya baya a miƙe, diddige a ƙasa, ta karkata gaba. Ta ce in yi wa kowace ƙafa, in kuma riƙa shan ruwa. Ta yi mana sai da safe ta koma gidanta, ni kuma na yi barci har asuba. Duk tsawon lokacin Inna tana tsaye da kwalbar man zafinta a hannu.

Washegari Asabar ce, ina gida. Bayan an karya Inna ta kira babanku, ta kira ni, ta sa aka sakaya ƙofa.

“Sati uku muna fama,” ta ce. “Mai mun shafa, tafarnuwa mun shafa, addu'a mun yi, bai taɓa saki don mu ba. Ita ta zo ta taɓa sau ɗaya ya saki. Ba wanda ya tambayi kansa komai?”

“Inna, taimako ta yi,” in ji babanku.

“Ban ce ba taimako ba ne. Ina ta san makarinsa, shi nake tambaya. Likita ce? Kuma ku faɗa mini, yaushe abin nan ya fara, kafin mai unguwa ko bayan mai unguwa?”

Kowa ya san bayan mai unguwa ne. Kada ku ɗauki kakarku muguwa. Ita ce ke tasowa da tsakar dare da tsufanta ta murza mini ƙafa, ni da nake surukarta. Amma a yadda ta taso, ciwon da ba rauni, ba kumburi, ba zazzaɓi, ya zo cikin duhu ya tafi bai bar alama ba, ba na asibiti ba ne. Wanda kuma ya iya cire shi nan take, a ganinta, ya san yadda aka sa shi. Ba ita kaɗai ke tunani haka ba, rabin tsofaffin layinmu da an tambaye su haka za su ce. Da Mama Rifkatu ta toshe kunne ta yi barcinta a daren nan, da ba abin da ya same ta.

Aka ɗauko wani malami ya duba ni. A yi masa adalci, bai ambaci sunan kowa ba. Ya ce mai yiwuwa na tsallaka wani abu, ya ba da turare da rubutu, kwano guda safe da dare. Inna ce ta sa aka tona ƙofar gida ta gefen tsohuwar kwata, aka ciro wani makulli mai tsatsa da ƙullin tsumma. Duk ƙofar gidan da aka tona a tsohon garin Keffi za a samu fiye da haka, amma ba wanda ya faɗa. Aka hana ku cin ƙosanta, aka hana ku shiga gidanta, ni kuma aka ce ko mutuwa zan yi kada ta sake taɓa ni. Ba zan ɓoye muku ba, a kwanakin nan ni ma zuciyata ta rabu biyu. Da rana in yi wa maganar dariya, in abin ya kama ni cikin dare kuwa babu abin da ba zan yarda da shi ba. Ban dafa bangon ba ko sau ɗaya, don Inna ta ce shi ma yana cikin aikin.

Wata rana shugabar sashenmu ta gan ni ina jan ƙafa a kan bene, ta ce in wuce asibitin ma'aikata kafin in taɓa tafireta. Na tarar da wata nas mai jiki, ta kusa ritaya, irin waɗanda ba sa ɗaga kai daga kati sai sun ga dama. Ta auna jinina, ta sa aka duba suga, ta latsa ƙafafun biyu tana neman kumburi, ta tambaye ni ko ina da ciki, ko ina shan maganin hawan jini irin mai sa yawan fitsari. Duk na ce a'a. Sai ta tambayi inda nake kwana.

“Keffi.”

“Kullum?” Ta ajiye biro. “Ruwa kofi nawa kike sha a wuni?”

Na faɗa mata dokarmu ta azahar. Ta dubi takalmina, ta dube ni, ta ce ba ni ce ta farko ba a cikin 'yan motar Keffi. Sannan ta yi mini bayani yadda ake yi wa yaro. Naman sharaɓa ne ke tsukewa da kansa ya ƙi sakewa. Naman da ya wuni a naɗe a mota, ya wuni a takure cikin takalmi mai tsini, ba a miƙe shi ba, ba a kuma ba jiki ruwa ba, shi ya fi yin haka. Da dare yake zuwa saboda mai barci yakan saki tafin ƙafarsa ya kalli ƙasa, naman ya ƙara gajarcewa, musamman in bargo mai nauyi ya danne yatsu. Ta ce yawanci ba shi da haɗari, wani lokaci ma likita ba ya gano takamaiman dalilinsa, amma in na ga ƙafa ɗaya ta kumbura, ko ta ɗauki zafi, ko ta mutu ba na jin ta, ko ciwon ya ƙi tafiya har da rana, kada in tsaya shafa mai, in zo asibiti a ranar. Ta ja mini kunne kada in bari mai kemis ya ba ni kwinin a kan wannan, domin illarsa ta fi ciwon. In ya kama ni, ta ce, in miƙe ƙafar in ja yatsu sama wajen ƙwauri, in tashi in taka, in gasa da ruwan ɗumi. Daga nan ta miƙe da duk jikinta ta dafa bangon ofishin da hannu biyu, ta ja ƙafa ɗaya baya, diddige a ƙasa. Ina zaune ina kallon abin da aka riga aka nuna mini a ɗakina.

“Sista,” na ce, “ba a iya yi wa mutum wannan da hannu? Kin gane nufina.”

“Na gane. Ke kika yi wa kanki, Madam, ke da motar Keffi. Ki sayi gora ki riƙa shan ruwa, ki shiga banɗaki kafin ki tashi aiki, ki cire wannan takalmin. Ce wa na gaba ya shigo.”

A motar dawowa ranar goslo ya riƙe mu a Mararaba fiye da awa biyu, na samu lokacin yin tunani, wanda da ban samu ba da ya fi. Da farko daɗi na ji, na ƙagu in isa in faɗa musu. Sai na fara tsara yadda zan faɗa. Zan ce ba Mama Rifkatu ba ce. Inna za ta ce to mene ne. Zan ce mota ce da zaman ofis da rashin shan ruwa. Inna za ta juya ta dubi ɗanta, ba sai ta ce komai ba, domin a gabanta ya gindaya sharaɗin. Ni kuwa ina son aikin nan. Ba albashin kaɗai ba, ina son teburina, ina son yadda ake ce mini Madam, ina son awannin da ba wanda ke kirana in zo in duba tukunya. Na ce wa kaina maganar sammu za ta mutu da kanta in na warke, mutane za su manta, ƙila ma Mama Rifkatu ba ta san ana yi ba. Kafin mu wuce Masaka na gama yanke shawara. Da na shiga gida Inna ta tambaye ni jiki, na ce da sauƙi, na karɓi kwanon rubutu na shanye.

Na yi duk abin da nas ta ce, a ɓoye. Na sayi gora na ajiye a ofis, ina sha daga safe har la'asar, in shiga banɗaki kafin in fito. Takalmi mai tsini ya koma zama a durowar tebur, sai in za a shiga wajen oga. Na riƙa hanzarin zuwa tasha don in samu kujerar bakin ƙofa inda ake miƙe ƙafa, in goslo ya tsaya cak in sauka in ɗan taka a gefen mota. Na daina lulluɓe ƙafa da bargo mai nauyi. Kowane dare bayan isha, in na ce zan kewaya, sai in tsaya a lungun bayan kicin in dafa bango, dama sannan hagu. Cikin sati uku abin ya ragu zuwa sau ɗaya, daga nan sai a yi wata bai zo ba, in ya zo kuma ina jan yatsuna da kaina ya saki kafin babanku ya farka. Inna ta yi sadakar masa, ta aika wa malam goro da zakara. Abin da ban hango ba shi ne warkewata ce za ta zama shaida. An tono makulli, an hana matar taɓa ni, na warke, a wajen mutane ba sauran abin tambaya.

Maganar ta fita ta hanyar da maganganu ke fita, gidan suna, gidan biki, bakin famfo. Ba wanda ya je ya zage ta, ba a jefi gidanta ba, mutanen layinmu ba haka suke ba. Sayen ƙosai kawai aka daina. Masu sammako da a da sukan yi layi a gabanta sai ya zama suna wucewa da sauri su saya a tasha. Ɗaliban haya, da ba su san komai ba, sun riƙe ta na ɗan lokaci, har masu gidajen suka ja musu kunne. Nakan gan ta da asuba zaune gaban kasko, ƙullu cike da roba, mai yana ta hayaƙi ba wanda za a soya wa. Kullum sai ta gaishe ni, ni kuma in amsa ina tafiya kamar mota za ta bar ni. Sau ɗaya ta tsayar da ni.

“Maman Sadiya, ƙafan fa?”

“Da sauƙi, Mama.”

“To, mun gode Allah.”

Na wuce tasha. Kunya na ji, irin wadda ke sa mutum ya ji haushin wanda yake jin kunyarsa, har na fara fita ta ɗaya bakin layin don kada mu haɗu. Da Kirsimeti ta zo ta miƙo kajinta kamar kullum, babanku ya yanka, don shi bai taɓa sakin jiki da maganar ba. Da rana ta aiko da shinkafa, Inna ta mayar da kwanon a rufe yadda ya zo. Bayan wata biyu ta sayar da gidan ga wani ma'aikacin Abuja, wanda ya rushe shi ya yi ɗakunan ɗalibai. Ranar wata Asabar a-kori-kura ta zo ta kwashe kayanta. Ina cikin ɗaki ina guga, na goge kayan sati har da waɗanda ba sa bukata, sai da na ji tashin motar na fito.

Na yi aikina har ritaya. Da shi aka biya muku makaranta, kuma ban faɗi haka don in raba muku laifin ba, nawa ne ni kaɗai. Sadiya, kya tuna da cikinki na fari, da abin ya riƙa kama ki na zo na miƙe miki ƙafa na tura yatsun sama, kika tambaye ni inda na koya na ce wajen wata nas. Rabin gaskiya na ba ki. Bayan rasuwar Inna, Allah ya jiƙanta, na zaunar da babanku na faɗa masa komai, tun daga nas har lungun kicin. Da na gama sai ya tambaye ni abin da ya hana ni faɗa a lokacin. Na ce sharaɗinsa.

“Wane sharaɗi?” ya ce.

Sai da na maimaita masa kalma da kalma kafin ya tuna. Ya ce ya faɗa ne don Inna ta bar maganar, bai sake tunawa da shi ba. Ko da gaske da ya tsaya mini a gaban mahaifiyarsa, ban sani ba, shi ma ina jin bai sani ba. Abin da na sani shi ne ban gwada shi ba.

Na ƙara shekara biyu ina cewa zan je Panda kafin in je. Ban sha wahalar samun gidan ba, na ce Rifkatu mai ƙosai da ta zauna a Keffi, aka nuna mini. Na same ta a gindin mangwaro tana ɓarar gyaɗa a faranti, ta tsufa ƙwarai, idon ya yi rauni, amma ina yin sallama ta ce, “Maman Sadiya.” Ta sa aka kawo mini kujera da kunu, ta tambayi babanku, ta tambaye ku ɗaya bayan ɗaya da sunayenku, ta yi mini ta'aziyyar Inna. Na bari ta gama, sannan na faɗi abin da ya kawo ni. Na tsara maganar tun a mota, na kuma faɗe ta a tsare: ba ta yi mini komai ba sai alheri, nas ta tabbatar mini da haka tun tana unguwa, na sani na yi shiru saboda aikina. Tana ji tana ɓarar gyaɗarta.

“Ai na san ka sani,” ta ce.

Na tambaye ta ta yaya.

“Katangan bayan kicin ɗinku gajere ne. In na fito rufe kaji ina ganin ka, hannu biyu a bango, ƙafa ɗaya a baya. Kowane dare. Har kana ɗaga diddige, na so in ce maka ka sa shi a ƙasa, haka ba ya aiki sosai. Sai na ce kar in ba ka kunya.”

“Me ya sa ba ki tona ni ba, Mama?”

“Wa zai ji ni? Kai ne mai ƙafan. Kai nake jira. Wata bakwai, kowane safe in na ga ka fito sai in ce yau zai faɗa. Da ka fara bin ɗayan hanyan, sai na fara neman mai sayen gida.”

Ba da fushi ta faɗa ba, hannunta ma bai tsaya ba. Na roƙe ta gafara. Ta ce Allah ya yafe mana duka, wanda ba shi ne ainihin abin da na roƙa ba, ban kuma ga ina da bakin sake roƙo ba. Da la'asar ta ƙulla mini gyaɗa a leda, ta raka ni bakin titi tana dogara sanda, ta tsaya har na samu mota. Ba ta ce in sake zuwa ba.